Ba Kowane Aikin Hannu Ne Sai Ya Kawo Kuɗi Ba

Ƙannena maza da mata, akwai wata tambaya da ta zame mana ciwo. Da zarar an ga mutum ya duƙufa yana zane, ko saƙa, ko tsara baitocin waƙa, sai a ce masa, "To nawa kake samu a wannan?" In ya ce bai samun komai, sai a yi masa kallon marar aikin yi. Wannan tambayar ta kashe baiwa mai yawa a gidajenmu, kuma abin takaici, yanzu mu da kanmu muke yi wa kanmu ita tun kafin wani ya buɗe baki.

Na san halin da ake ciki. Rayuwa ta yi tsada, neman na kai wajibi ne, kuma ba zan ce wa kowa ya bar sana'arsa ba. Amma ku gaya mini gaskiya, lokacin ne babu? A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata 8 cur. Akwai masu jiran sakamakon jarrabawa, akwai masu jiran bautar ƙasa, akwai masu jiran a kira su aiki. Ina waɗannan watannin suke tafiya? Mafi yawansu waya ce ke cinye su. Mutum zai kwana yana kallon abin da wasu suka ƙirƙira a TikTok, gari ya waye bai da ko tsinke da zai ce hannunsa ne ya yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana cewa ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a kansu: lafiya da rarar lokaci. Matashi ya fi kowa mallakar su biyun.

Ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga ƙauyen Kwali. A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Abin da nake so ku lura da shi shi ne adon da take zanawa a jikin tulunanta: ƙadangare, kunama, kifi, kada. Tulu zai riƙe ruwa ko babu ƙadangare a jikinsa. Me ya sa ta ɓata lokaci a kai? Saboda ranta yana so, hannunta yana jin daɗin yi. Wannan ƙarin da ba dole ba shi ne ya ja hankalin Sarkin Abuja Sulaimanu Barau har ya riƙa tara tukwanenta, shi ne kuma ya fitar da sunanta duniya. Haka Jelani Aliyu, tun yana yaro a Sakkwato yake zana motoci, daga baya ya zama mai tsara fasalin mota a kamfanin General Motors a Amurka.

Kada ku ɗauka ina yi muku alkawarin shahara. Yawancinmu ba za mu hau kan kuɗi ba, kuma ba laifi. Ladan yana cikin yin abin. Ku tambayi matar da ta yi makonni tana ɗinka hula zare bayan zare, ko gardin da ya haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya fere alƙalamin gamba, ya zauna yana zayyana allo. Hankali yakan tattaru wuri guda, damuwa ta lafa, har a kira salla mutum bai san lokaci ya tafi ba. In ya gama ya ɗaga abin ya duba, akwai wani sanyi da ke sauka a zuciya wanda kasuwa ba ta sayar da shi. Irin wannan zama yana koyar da haƙuri, yana kuma rage zaman majalisa, inda sau da yawa ake fara gulma, wani lokaci ma shaye-shaye.

Mu fa ba baƙi ba ne a wannan harka. Yaran da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa, ƴan matan da ke gina ƴar tsana da zanen lalle, wa ya biya mu? Girma ne ya zo muka fara jin kunya.

Don haka kowa ya koma ga abin da ransa ke so. Fensir da takarda sun isa, allura da zare sun isa, ko yumɓun bakin rafi. Na farko zai fito a karkace, ajiye shi, kada ka yaga, kuma kada ka yi gaggawar ɗora shi a intanet don neman yabo. Nemi dattijo ko dattijuwar da ta iya a unguwarku, ka durƙusa ka gaishe ta ka ce kana son koyo. Da yawansu sun daɗe suna jiran mai tambaya. Ku kuma yayye, in kun ga ƙaninku yana zane a bayan littafinsa, kada ku tsawata masa. Ku saya masa littafi na daban, ku tambaye shi me ya zana.