Shampen na ƙaramin manomi ma giya ne fa

Abin nan ya ishe ni ji, wai shampen ɗin da ƙananan manoman Faransa ke yi ba tare da sun cika masa sinadarai ba ruwan inabi ne zalla mara sa maye. Na gane inda aka samo shi, a bukukuwanmu ma lemon kwalba mai kumfa shampen ake ce masa, to in mutum ya ji an ce "na gona ne, ba a taɓa shi ba" dole ya ɗauka irin wancan ne.

Amma ba haka bane. Barasar ba zuba ta ake ba, yis ne ke cinye sukarin inabin ya mai da shi barasa, kuma sau biyu ake ruɓar da shi, na biyun a cikin kwalbar kanta, nan kumfar ke fitowa, sai ya kwanta aƙalla wata 15. Kamar kullun ƙosai ne da ya kwana ya tashi, ba wanda ya sa masa komai amma ya canza.

Abin da manomi irin Anselme Selosse na ƙauyen Avize ke ragewa shi ne maganin feshi a gona da sukarin da ake ƙarawa a ƙarshe. Barasar kam tana nan, wajen kashi 12 cikin 100.