BAZAZZAGI ZAI SHIGA JIRGIN ƘASAN SAIBERIYA

Ɗakin ɗalibai ne a Mosko, Bazazzagi na ta cusa kaya a wata ƴar jakar goyo, Bakano na kwance kan gado yana kallonsa yana cin gyaɗa.

Bakano: Bawana ina zuwa haka da ƴar jaka kamar mai zuwa Samaru?

Bazazzagi: Bawan naka yana Kurmi yana maka dako. Vladivostok zan tafi a jirgin ƙasa, ni kaɗai, hutun nan sai na ga ƙarshen Rasha da idona.

Bakano: Innalillahi. To me ka ɗauka na guzuri?

Bazazzagi: Biredi ɗaya da lemon kwalba biyu, ai na saba, na sha shiga na Kaduna zuwa Abuja.

Bakano: Kai wannan ai zagaye unguwa ne, awa biyu ka sauka. Wannan kilomita 9,289 ne malam, kamar kai ta yin Kano zuwa Legas har sau takwas ba ka sauka ba, kusan sati guda kana ciki, gemunka ma sai ya tsiro kafin ka isa. Ku Zagezagi ga boko ga rashin lissafi. Mu ga tikitin.

Bazazzagi: Ga shi, mafi arha na saya, platskart suke ce masa.

Bakano: Gado na nawa?

Bazazzagi: 38.

Bakano: Hahaha wayyo cikina! Tarago ne fa buɗaɗɗe mai gado 54 ba ƙofa ba labule, kuma 38 na sama ne a gefen hanya dab da banɗaki, duk wanda fitsari ya matsa cikin dare sai ya bugo ƙofa a kunnenka, ga ka dogo kamar falwaya gadon ba zai ɗauke ka ba sai dai ka kwana a naɗe kamar tabarmar masallaci.

Bazazzagi: To ai da ka faɗa min tun kafin na biya.

Bakano: Ka tambaye ni? Yanzu dai saurara. Kowane tarago akwai tukunyar ruwan zafi a ƙarshensa, samoba, kyauta ne, ita ce uwa ita ce uba. Sai ka riƙe taliyar leda, ganyen shayi, suga, garin kwaki, ƙuli, yaji, dabino da kofi da cokali. Ina da su duk a ƙarƙashin gado.

Bazazzagi: Allah sarki ɗan'uwa, na gode.

Bakano: Wace godiya, sayarwa nake.

Bazazzagi: Dama na san Bakano ko a makabarta sai ya kasa kaya. Ba sai na sayi abinci a tashoshi ba?

Bakano: Za ka samu, wasu tashoshin tsofaffin mata na kawo dafaffen dankali da fanke mai nama a ciki, wajen tafkin Baikal ma har kifi banda. Amma ka riƙe kalma ɗaya, sibinina, in ka ji ta ajiye ka yi gaba, alade ne. Kuma ka duba takardar da ke manne a bango, wata tashar rabin awa ake yi wata minti biyu, in ka tsaya ciniki irin na Sabon Gari jirgi zai tafi ya bar ka da silifas a tsakiyar Saiberiya.

Bazazzagi: Ai direba zai jira in cikon mutum ɗaya ne.

Bakano: Eh zai jira, har kwandasta ya sauko yana kiran Zariya mutum ɗaya. Kai akwai wata mata mai kula da tarago, probodnitsa, ita ce hakimi a ciki, ka gaishe ta da ladabi ka ce sipasiba, wato na gode, ko ba ta maka komai ba.

Bazazzagi: To sallah fa?

Bakano: Yauwa ka zo wajen. Buta dole, banɗakinsu ba a san ta ba. Sannan gabas za ku yi ta nausawa agogo na ta gudu gaba, kafin ka isa an ƙara awa 7 kan na Mosko, ka gama azahar kenan ka ɗan kishingiɗa sai ka ga la'asar ta wuce. Alƙibla kuwa tana bayanka, ka tambayi malam maganar ƙasaru tun yanzu don a hanya sabis ɗauke wa yake.

Bazazzagi: Inna kuma ta ce kullum bayan isha'i za ta kira.

Bakano: Isha'inta ƙarfe 8, a can 5 na asuba, ka ga ka samu mai tashinka sallah kyauta. Buta kuma haya ce, kullum da kuɗinta.

Bazazzagi: Butar ma?! To rubuta bashi, in na dawo na biya.

Bakano: Dawowar ma wani satin ne, hayar ta zama ta sati biyu kenan. Af, ba a shiga jirgin sai an nuna fasfo a bakin tarago fa, ina naka?

Bazazzagi: Yana cikin... kai tsaya, ina fasfo ɗina?

Bakano: Yana wajena mana, ka manta shi ka ajiye jingina ranar da ka ci kilishina?