Su Wa Suka Rage Daga Cikin Masu Kallon?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan uwa.

A daren jiya ƙanena ya turo mini wani guntun bidiyo da bai wuce minti huɗu ba, na wani tsohon wasan kwaikwayo da muke kallo a talabijin muna yara. Irin wasan nan ne na gida ɗaya da ake bin rayuwarsu mako bayan mako: maigida mai saurin fushi da saurin hucewa, uwargida mai haƙuri da dabara, 'ya'yan da ba sa rabo da jawo magana, da wata tsohuwa a gefe wadda kalmarta ɗaya ke kashe gardama. Hoton ya dusashe, sautin yana shaƙewa, amma da na ji kiɗan buɗe shirin sai tsigar jikina ta tashi, na ajiye abin da nake yi, na maimaita shi har sau uku. A karo na uku ne na lura cewa na daina kallon 'yan wasan, na koma ƙirga mutanen da suke zama a ɗakinmu idan wannan kiɗa ya fara. Mu tara ne idan maƙwabcinmu ya shigo. Huɗu daga ciki suna ƙarƙashin ƙasa yanzu, Allah Ya jiƙansu da rahama, kuma akwai ɗaya mai rai da na shekara ban ji muryarta ba.

Wanda bai riski wancan lokaci ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa rabin awa na wasa ya zauna a zukatan mutane haka. Akwatin guda ɗaya ne a gida, hotonsa baƙi da fari, kuma tashar ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe kafin dare ya raba. Idan hoto ya fara yayyafi, sai a tura ƙaramin cikinmu waje ya juya eriya, mu kuma muna ciki muna ɗaga murya: ya yi, a'a koma baya, tsaya nan, kada ka motsa. Shirin sau ɗaya yake zuwa a mako, ba a tsayar da shi, ba a mayar da shi baya, wanda ya makara ya rasa ke nan, sai dai a ba shi labari da baki, kowa yana kwaikwayon muryar wanda ya fi burge shi. Ku lissafa da kanku: rabin awa a makonni 52 awa 26 ne kacal a shekara guda. Yau mutum ɗaya yana iya cinye wannan adadi a cikin 'yan kwanaki, shi kaɗai a kan shimfiɗarsa, wayarsa a hannu, kunnensa a toshe, kuma bayan wata guda ba zai iya tuna sunan ko mutum ɗaya daga cikin abin da ya kalla ba.

Mahaifinmu, Allah Ya haskaka kabarinsa, kullum cewa yake yi shi ba ya kallon shirme. Sai ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, carbi a hannu, fuskarsa tana kallon wani wuri, amma da zarar yaron cikin wasan ya ɗaga wa babansa murya, sai ka ji ya ce, “Kai, wannan yaro ba shi da kunya,” sannan ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ƙara komai ba. Mahaifiyarmu kuwa abin da take cewa bai wuce “kun dai gani” ba, idan ƙarya ta tonu ko amana ta dawo wa mai ita. Na manta yadda labarai da yawa na wasan suka ƙare, amma wancan kallon na Baba har yau yana tsayar da ni idan harshena ya so ya yi tsawo a gaban babba. Marubucin wasan ya kawo labari, iyayenmu ne suka mayar da shi tarbiyya, domin suna zaune a wurin lokacin da idanunmu suke gani.

Ba fatawa nake bayarwa a kan wasan kwaikwayo ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake son mu duba shi ne zaman kansa, domin yana da asali a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa mutanen Habasha suna wasa da masu a cikin masallaci, sai Annabi ya tsaya ya kāre ta da mayafinsa tana kallo ta bayansa, kumatunta a kan kumatunsa, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta gaji, ya tambaye ta ko ya ishe ta, ta ce e. Mutumin da wahayi ke sauko masa, wanda al'umma gaba ɗaya take wuyansa, ya ba da tsayuwarsa domin matarsa ta yi kallo. Haka kuma ya zauna ya saurare ta tana ba shi dogon labarin mata goma sha ɗaya da suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na halin mazajensu ba, wato hadisin Ummu Zar'in, wanda idan ka karanta shi za ka ga halayen gidaje iri iri, da mai rowa da mai kyauta, da mai zafi da mai sanyi. Bai katse ta ba, kuma da ta gama sai ya ɗauko mafi kyawun mijin cikin labarin ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in yake a wurin Ummu Zar'in. Wannan shi ne wanda ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Mu kuwa yau yaro zai zo yana ɗoki ya ba mu labarin abin da ya gani, mu ce masa “ina jin ka” alhali babban yatsanmu bai daina tafiya a kan waya ba.

Kewar abin da ya wuce ba aibi ba ce, kuma ba raunin imani ba ce. Bayan rasuwar Nana Khadija da shekaru, 'yar uwarta Halatu ta zo ta nemi izinin shiga, Annabi ya ji sallamarta ta yi kama da ta Khadija, sai jikinsa ya amsa, ya ce, “Ya Allah, Halatu ce.” A shekara ta 2 bayan hijira, da 'yarsa Zainab ta aiko da fansar mijinta Abul Asi wanda aka kama a Badar, a cikin kayan akwai sarƙar wuya ta Khadija, da ya gan ta sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai su saki mutumin su mayar mata da kayanta idan sun ga dama, suka yi hakan. Murya ɗaya da sarƙa ɗaya sun isa su buɗe masa ƙofar shekarun da suka shuɗe, kamar yadda kiɗan buɗe shiri ya buɗe mini tawa. Sai dai a nan ne hanyarsa ta rabu da tamu. Idan ya yanka akuya, yakan yanyanka ta ya aika wa ƙawayen Khadija. Kewarsa takan sauka a ƙofar gidan wani mai rai, ta zama kyauta da zumunci. Tamu kewar iyakarta mu rubuta “Allah sarki, lokaci ya wuce” a ƙarƙashin bidiyo a Facebook, mu share ƙwalla, mu wuce zuwa na gaba.

Abdullahi ɗan Umar ya fahimci wannan darasi. Muslim ya ruwaito cewa ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, sai ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Abokan tafiyarsa suka ce masa mutanen ƙauye abu kaɗan ma yana gamsar da su, sai ya ce mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji Manzon Allah yana cewa mafi girman biyayya ita ce ɗa ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa. To ina maƙwabcin nan da yake shigowa gidanku da sallama daidai lokacin da za a fara shiri, a matsa masa ya zauna kusa da mahaifinka? Idan yana raye, ya tsufa yanzu, mai yiwuwa idonsa ma ba ya ganin talabijin. Idan ya rasu, ya bar 'ya'ya, kuma wataƙila lambar ɗayansu tana cikin wayarka shekara da shekaru ba ka taɓa danna ta ba.

Kada kuma daɗin tunawa ya sa mu yi wa kanmu ƙarya. Ni shaida ne cewa sau da yawa an kira sallah shiri yana tsakiya, muka yi kamar ba mu ji ba, har sai da aka tsawata, muka je muka yi ta a gurguje kunnuwanmu suna ɗaki. Zamanin yana da gaflarsa kamar yadda wannan yake da tasa, kuma ba duk abin da aka nuna mana ne alheri ba. Shi ya sa ba na jin daɗin masu fakewa da tsohon wasa su zagi 'ya'yan yau baki ɗaya, suna cewa duniya ta lalace, babu sauran na kirki. Ya zo a cikin Muslim cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka, to shi ne ya fi su halaka. Yaron da muke zargi bai sayi wayar da kuɗinsa ba, kuma ba shi ne ya tashi daga kujerar bakin ƙofa ba. Iyayenmu sun zauna sun ga abin da muke gani, mu kuma mun miƙa wa namu 'ya'yan na'ura domin su bar mu mu huta, sannan muka dawo muna mamakin inda suka koyo maganar da ke bakinsu.

Akwai wani abu game da waɗannan tsofaffin shirye-shirye da ya tsaya mini a rai. Da yawansu sun ɓace har abada, domin faifan ɗaukar hoto yana da tsada a lokacin, gidajen talabijin sukan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kansa. Hatta BBC ta goge shirye-shirye masu yawa ta wannan hanya a shekarun 1960 da 1970. Abin da muke tsinta a YouTube yau, wanda shi kansa sai a 2005 aka kafa shi, yawanci guntaye ne da suka tsira daga kaset ɗin wani da ya naɗa a gida ya ajiye a akwati. Wasan da gari guda ya zauna ya kalla ya goge, amma zaman da aka yi wajen kallonsa bai goge ba, yana nan a rubuce: dariyar da muka sa mahaifiya ta yi, da aiken da muka ƙi zuwa saboda kada mu rasa shiri, da sallar da aka jinkirta. Allah Yana cewa a Suratul Kahfi, aya ta 49, littafin ba ya barin ƙarami ko babba face ya ƙididdige shi. Idan guntun minti huɗu ya iya girgiza ni haka, ina tunanin ranar da za a buɗe cikakken, babu yayyafi a hoton, babu wanda za a tura ya juya eriya.

Alƙur'ani ya ambaci zama cikin iyali a wurare biyu da ya kamata mu riƙa haɗa su wuri ɗaya. A Suratul Inshiƙaƙ an ce game da wanda aka ba littafinsa ta bayansa cewa ya kasance cikin iyalinsa yana mai farin ciki, yana zaton ba zai koma ga Ubangijinsa ba. A Suratuɗ Ɗur kuwa 'yan Aljanna ne suke fuskantar juna suna tuna baya, suna cewa mun kasance a da cikin iyalanmu muna masu jin tsoro, sai Allah Ya yi mana baiwa Ya tsare mu daga azaba. Dukansu biyu sun zauna da iyali, bambancin yana ga abin da aka tuna a cikin zaman. Kuma a wannan sura ce, aya ta 21, Allah Ya yi alkawarin riskar da zuriya da iyayensu idan sun bi su da imani. Duk wanda yake kewar wancan ɗaki da mutanensa, wannan ayar ce kaɗai na sani take ba da hanyar sake cika shi, domin a duniya kujerar da ta zama wofi ba ta sake samun mai ita. Abin da ya rage tsakaninmu da su shi ne addu'a, tunda aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku, cikinsu har da ɗa na gari mai yi masa addu'a. 'Yan wasan da suka ba mu dariya su ma da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta wa musulmin cikinsu, Ya yafe musu kurakuransu.

Da safen nan na kira Goggo, wadda na ce na shekara ban ji muryarta ba, ita ce mai zama a tabarma kusa da akwatin saboda ba ta gani sosai daga nesa. Wayar ta daɗe tana ringi kafin ta ɗauka, kuma sai da na faɗi sunana sau biyu. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ai kuna da hidima, kuma wannan “ba komai” ta fi mini zafi a kan faɗa. Na kunna mata kiɗan a kusa da wayar. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta yi dariya ta ce, “Ka tuna yadda babanku yake cewa ba ya kallo?” Na ce na tuna, Goggo. Ta tambaye ni yaushe zan kawo mata yaran, na ce ranar Juma'a in Allah Ya yarda, ta ce to in zo da bidiyon su gani tare.