Yawan rifot ba shi ke rufe akawun ba

'Yan'uwa na unguwannin Nima da Mamobi a Accra, wannan abin da muke yi in an zagi wata a Facebook sai a watsa a guruf wai kowa ya danna rifot a rufe mutumin, ba haka abin yake aiki ba fa. Facebook da kansu sun ce ba yawan rifot ke sa a goge abu ba, dokarsu suke dubawa, dokar kuma a dunƙule take, ga habaicin Hausa da gugar zana sau da yawa na'urarsu ba ta ma gane zagi ne. In abin ya kai barazana ko yaɗa hoton tsiraici, ɗauki sikirinshot tukuna, kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Gana. Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020 ta haramta yaɗa irin hoton nan.