Ɗan kaso ma yana da tambaya, wa zai amsa masa?

A watan azumin da ya wuce na raka wata maƙwabciyata daga unguwar Nima a Accra zuwa ganin ƙaninta da ke tsare, shekara ta biyu ke nan ba a yanke masa hukunci ba. Ta riƙo masa gari da shito (miyar yaji) da sabulu. Da aka fito da shi, ko kallon ledar bai yi ba. Ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki har ta yi laushi, ya rubuta tambayoyi uku da ajami. "Yaya, wai da gaske ne laifin da ake zargina da shi ba shi da beli?" Ta juyo ta dube ni. Ni ma sai da na koma gida na bincika.

Amsar ba ta wuce layi biyar ba. Tun 2016, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙolin Ghana ta soke sashen dokar da ya hana beli a kan wasu laifuffuka. Yanzu alƙali ne ke dubawa ya bayar ko ya hana. Yaron nan ya daɗe yana kwana da tsohon zance don ba shi da wanda zai tambaya.

Dokokin Nelson Mandela kan kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce kowane gidan yari ya kasance da laburare. Madalla. Amma a ganina tulin littattafan sadaka bai biya buƙata ba. Mutumin da ba shi da waya balle intanet, abin da yake nema shi ne wanda zai miƙa wa tambaya ya dawo masa da amsa a rubuce: yadda ake samun lauyan gwamnati kyauta, abin da shirin Justice for All na zaman kotu a gidan yari, wanda aka fara a 2007, ke yi wa masu jiran shari'a, ko inda zai koyi ɗinki in ya fito. Wannan aikin ma'aikacin laburare ne. Ba zai zama lauya ba, amma ya san shafin da zai buɗe.

Za a ce abinci da cunkoso ne a gaba. Gaskiya ne. To amma mai jiran shari'ar da ya san haƙƙinsa ya fita, ai ya rage cunkoson.

Sai maganar harshe, wadda ta fi damuna. Da yawa daga yaran zango makarantar allo suka yi, Turancin doka kuwa ko ɗan boko yana ba shi ciwon kai. Accra ta riƙe kambun birnin littafi na duniya a 2023, kuma Hukumar Laburare ta Ghana tana da ma'aikata. Me zai hana a ware tebur ɗaya na amsa wasiƙun 'yan kaso, malamanmu da ɗalibanmu na Jami'ar Ghana da ke Legon su riƙa juya amsar zuwa Hausa, da boko da ajami? Mun iya kai shinkafa gidan yarin Nsawam lokacin sallah, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Na rubuta wa yaron amsarsa, yayarsa ta kai. Da ta dawo sai ta miƙo mini wata takardar. Tambayoyi bakwai ne a ciki, biyar na abokan ɗakinsa.