Biskit ɗaya, ma'ana biyu

Tun da na zo Ingila nake lura da abin da yara ke ci a ƙofar makaranta idan an tashi. A gida, yaron da ya ciro biskit da cakulan daga jaka shi ne ɗan masu hali, sauran yara suna kallo yawu na tsinkewa. A nan kuwa 'yar likita za ki gani da yankakken karas da tuffa da gorar ruwa zalla, ɗan mai aikin dare yana ɓare ledar alawa.

Awon nauyi da ake yi wa 'yan firamare a Ingila duk shekara ya sha nuna cewa ƙibar da ta wuce kima a unguwannin talakawa ta ninka ta unguwannin masu kuɗi. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kada ɗan shekara 7 zuwa 10 ya wuce giram 24 na sukarin da ake ƙara wa abinci a rana, alhali gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana ɗauke da giram 35. A 2018 har haraji aka sa wa lemuka masu yawan sukari.

Duk da haka ban yarda a ce iyayen nan ba su san ciwon 'ya'yansu ba. Maƙwabciyata da asuba take dawowa daga aiki, ido jajir. Abin leda ba ya ruɓewa, ba sai an wanke an yanka ba, yaro kuma ba ya turo baki ya ce ba ya so. Ta hana shi keke, ta hana shi sabon takalmi, alawar ce kaɗai abin da take iya cewa "ungo".

Mu da muka zo daga gida muka fi damuna. Mun tashi muna ɗaukar biskit alamar wadata, da muka samu hali sai muka cika kabad da shi, wai kada yaranmu su yi kwaɗayin da muka yi. Ni ma na yi, kuma da zuciya ɗaya. Sai ranar da likitan haƙori ya haska mini ramuka biyu a bakin 'yata mai shekara shida, ya gaya mini ruɓewar haƙori ce ta fi kwantar da yara masu shekara 5 zuwa 9 a asibitocin ƙasar nan. Yarinyar tana riƙe da hannuna, jakarta a kan cinyata, ledar alawar da na saka mata da safe tana ciki.