Ɗakin Shawara Ba Kotu Ba Ne

'Yan'uwa masu aikin ba da shawara, musamman ku da kuka fara kwanan nan a asibitoci da ɗakunan gwajin HIV: wata rana matashi zai zauna gabanka yana murza hularsa, ya ce, "Malam, don Allah kada kowa ya ji," sannan ya gaya maka jinsinsa yake nema. Abin da fuskarka ta yi a lokacin zai nuna masa ko ya dawo karɓar magani ko ya ɓace.

Ba wanda ya ce ka sauya aƙidarka. Hukuncin addini ka san shi, shi ma ya sani, sau da yawa shi ne ke hana shi barci. Amma kujerar da kake kai ba ta alƙali ba ce. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa, amana aka ba shi. Ko a lamarin sahabi Ma'iz da ya yi iƙirarin zina, cewa Annabi ya yi wa Hazzal, wanda ya tura shi yin iƙirarin, da ya rufa masa asiri da mayafinsa, da ya fi masa alheri. To ina hujjar mai fesa sirrin mutum ga abokan aiki ana cin abincin rana? Wai neman tsari yake yi. Gulma ce kawai.

A Najeriya kuwa sakin baki na iya halaka mutum. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga dokokin shari'a na jihohin Arewa, ga 'yan ɗaukar doka a hannu. Ka kula da abin da kake rubutawa a fayil, don hannu da yawa ke taɓa shi.

Sannan a daina cewa "a yi masa aure zai warware". 'Yar wa za a jefa cikin wannan gwaji? Kada kuma ka yi alkawarin warkarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire neman jinsi daga jerin cututtuka tun 1990. Abin da ke hannunka shi ne damuwarsa, tsoronsa da tunanin kashe kai, kuma su ya kamata ka tambaya.

Masu karatu a Amurka ku sani: ƙa'idar ƙungiyar masu ba da shawara ta 2014 ta hana tura mutum wani wuri don kawai ya saɓa wa aƙidarka. Idan zuciyarka ta yi nauyi, kai kukanka ga mai duba aikinka ko malamin da ka yarda da shi, ba tare da ambaton suna ko unguwa ba.